Zobban Niyuton da Goshin Alhaji

Ranar 27 ga Agusta 1991, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanki Jihar Jigawa daga jikin Jihar Kano, ta kuma ce Dutse ce hedkwata, jama'a da yawa sun yi murna, kowa da irin dalilinsa. Masu gonaki a bakin gari sun yi murna, don ƙasar da jiya ba ta da wani amfani sai gero da gyaɗa ta wayi gari ana auna ta da igiya ana ciniki. Masu ɗakunan haya sun yi murna, don ma'aikatan da aka turo daga Kano sun iso da akwatunansu ba su da wurin sa haƙarƙari. Amma ba na tsammanin akwai wanda murnarsa ta kai ta masu ɗaukar hoto, saboda sabuwar jiha ba ta tsayuwa sai da takardu, takardu ba su cika sai da fasfo, kuma duk wanda Allah ya ba ofis, tun kafin ya tambayi inda kujerarsa take, bango yake fara dubawa ya ga inda zai rataye kamanninsa.

Ni kuwa a lokacin nan ban daɗe da gama koyon sana'ar ba a Sabon Garin Kano, a hannun wani dattijo da muke kira Baba, mutum mai ƙarancin magana da yawan ranƙwashi. Da na gaya masa zan koma garinmu in buɗe shago, sai ya sa mini albarka, ya kuma sayar mini da wani tsohon injin buga hoto, wanda 'yan sana'a ke kira inlaja, wanda tsatsa ta riga ta cinye sunan maƙeransa har babu mai iya cewa ga ƙasar da ya fito. Na rungumo shi a cinya cikin mota, muka bi ta Wudil da Kwanar Huguma, yaron mota yana neman in biya masa kuɗin mutum guda, har muka sauka Dutse. Na kama shago a hanyar Kiyawa, na raba shi biyu da katako da baƙin bargo: gaba wurin ɗauka, da labule mai zanen bene da jirgin sama, baya kuwa ɗakin wanki, inda babu mai shiga sai ni da ƙanen matata, wani yaro da wayonsa ya fi shekarunsa, wanda aka ba ni don ya koyi sana'a, shi kuwa ya ɗauka an kawo shi ne ya duba mini aiki.

Kafin in buɗe ƙofa sai da na tafi Limawa wurin kawuna, malamin soro wanda ya sauke Risala ya kuma daɗe cikin Muhtasar, na nemi fatawa a kan wannan sana'a. Ya daɗe yana jan carbi, sa'an nan ya ce a mazhabar Imamu Malik abin da aka haramta shi ne sura mai inuwa, mai cikakkiyar halitta, irin ta gunki, amma wadda ke shimfiɗe a takarda iyakarta karhanci. Ya ƙara da cewa Shaihu Muhammad Bahit, wanda ya yi muftin Masar ya rasu a 1935, ya tafi a kan cewa hoton kyamara ba ƙaga halitta ba ne, tsare inuwa ne kawai. "Je ka tsare inuwar mutane," in ji shi, "amma ka sani ba kowace inuwa ce ke yarda a tsare ta ba." Na ajiye masa goro da dabino, na tashi.

Wajibi ne in tsaya nan in yi wa mai karatu bayanin injin, musamman yaran yanzu da suka buɗe ido suka tarar hoto na fitowa daga waya ba ruwa ba duhu. Inlaja dai fitila ce a cikin wani kan ƙarfe da ke hawa da sauka a jikin sanda. Ƙarƙashin fitilar akwai gidan da ake sa nagetif, wato fim ɗin da aka riga aka wanke, wanda fari ya koma baƙi a cikinsa baƙi ya koma fari. Ƙarƙashin wannan kuma akwai idon gilashi da ke jefa surar bisa takardar hoto, gwargwadon ɗaga kan injin gwargwadon girman surar. Fim fuska biyu gare shi: ɗaya dusu-dusu, ita ce mai maganin da ke riƙe da sura, ita ake kifawa ƙasa, ɗaya kuwa mai santsi da sheƙi, ita ke duban fitila. To, fim abu ne mai taurin kai, ba ya son kwanciya. In ƙarami ne irin na fasfo, ana iya kama shi ta gefuna a bar tsakiyarsa a iska. Amma babba, irin na kyamarar Yashica mai ido biyu, wanda kowace sura a cikinsa ke da santimita 6 a tsaye 6 a kwance, da zarar zafin fitila ya taɓa shi sai ya yi doro, hancin mutum ya fito tangaran kunnuwansa su dushe. Saboda haka masu hikima suka sa gilashi biyu a gidan nagetif, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su danne shi ya kwanta ko yana so ko ba ya so. Wannan gilashi shi ne maganin cuta ta farko, shi ne kuma asalin ta biyu.

Muddin ana hunturu da bazara ban san da wata cuta ta biyu ba. Abokiyar gabata ƙura ce kaɗai, ita ma ta isa, domin gilashi biyu fuska huɗu ne, fim fuska biyu, shida ke nan, kuma duk ƙwayar ƙurar da ta sauka a ɗayansu sai ta fito fari fat a fuskar mai hoto, girmanta ya ninku, wanda kuwa ya san iskar Dutse a watan Janairu ya san ba ƙaramin jihadi ba ne. Sai daminar 1992 ta kankama, Agusta ya shigo da marka, duwatsun gari suka yi baƙi da ruwa, bangon shago ya fara gumi, ashana ta daina kamawa.

Wadda abin ya fara faɗa wa wata amarya ce da aka kawo daga wajen Kiyawa. Na buga mata babban hoto da dare, a ƙarƙashin jan ƙwai ban ga wani aibi ba. Da safe gwaggon ango ta zo karɓa, ta fita da shi bakin ƙofa, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta sake kusanto shi, sa'an nan ta ce, "Ɗan nan, makero ne wannan a kumatun yarinyar, ko idona ne?" Na karɓa na duba, sai ga wasu siraran da'irori, ɗaya cikin ɗaya, baƙi-baƙi da fari-fari, sun zauna daram a kuncin baiwar Allah. Na rantse mata da abin da zai kashe ni cewa fatar amarya lafiya lau take, ta ce ai hoto ba ya ƙarya, hoda ce ta rufe ranar buɗar kai, inji ya tona. Da ƙyar na shawo kanta ta zauna a benci, na shiga na zare nagetif na mayar na sake bugawa, sai makero ya bar kumatu ya koma jikin labule, daidai fiffiken jirgin sama. Ta karɓa ta ƙulle a gefen zane, tana cewa duk da haka za ta sa a dubo mata yarinyar da rana tsaka.

Ana nan sai ga Alhaji. Ɗan kwangila ne wanda sabuwar jiha ta buɗe wa ƙofar arziki ta hanyar yashi da bulo, kuma kamar yadda aka saba, arzikin ya fara raɗa masa maganar kujera. Zamanin jam'iyyu biyu ne da gwamnatin soja ta kafa a 1989, SDP mai alamar doki da NRC mai alamar gaggafa. Alhaji bai riga ya yanke wadda zai bi ba, amma ya yanke cewa kowacce ce za ta bukaci hotonsa. Yana son babba, na inci 16 da 20, wanda za a rataye a zaure, in lokaci ya yi kuma a kai wa masu buga fosta a Kano. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, ba ni da abin zargi a kansa. Sai dai mutanen unguwa suna cewa da zarar ladan ya ɗaga murya, Alhaji yakan tuna da wani alƙawari a kasuwar Shuwarin. Goshinsa kuwa faffaɗa ne, sumul, ba tabo ba ƙurji.

Takarda mai wannan girma daga Kano ake sayo ta, kowane falle kuwa kuɗinsa ya isa cefanen gida, saboda haka da bisimilla na shimfiɗa ta, na ba ta haske, na tsoma ta a farantin magani ina girgizawa a hankali. Babu abin da ya kai wannan lokaci daɗi a sana'armu, kuma har yau ina tausayin wanda bai taɓa ganinsa ba: farar takarda ce a ƙarƙashin ruwa, sai ka ga baƙin hula ya fara tasowa, sai ƙwayar ido, sai gashin baki, sai aikin aska takwas na wuyan riga ya fito zare-zare. Ina cikin yaba wa kaina sai na ga wani duhu yana taruwa a tsakiyar goshin Alhaji, daidai inda ƙasa ke taɓawa in mutum ya yi sujada, da'irori suka kewaye shi sahu-sahu. Yaron nan ya leƙo ta ƙarƙashin hammatata ya ce, "Yaya, makeron amarya ya kama Alhaji."

Na aika wa Alhaji cewa aikin manya ba a yi masa gaggawa, na shiga neman magani. Na wanke gilasan da sabulu, na goge su da tsohon rawani har suna ƙara. Ashe gwargwadon tsabtar gilashi gwargwadon kyan da'irorin. Na ƙara danne murfin, suka ƙaru suka yi 'ya'ya. Labari ya kai Limawa, Kawu ya ce shi bai yi mamaki ba: ɗakin da rana ba ta shiga, ake kuma tsare inuwar bayin Allah a cikinsa, in bai zama masaukin mutanen ɓoye ba, ina ne zai zama? Bayan sallar isha'i ya iso da kasko cike da garwashi, da jawul da ƙaron hano, ya sa aka rufe ƙofa, ya zauna bisa buzu yana karatu yana zuba turare, har ɗakin ya ɗau zafi, bango ya bushe, ni da yaro muna tari muna hawaye. Da ya shafa fatiha ya ce in gwada. Na gwada a 'yar ƙaramar takarda, goshin Alhaji ya fito sumul. Kawu bai ce uffan ba, ya naɗe buzunsa, ya karɓi zakaran da matata ke ajiya don salla, ya tafi. Kafin asuba sama ta sake ɓarkewa, da hantsi na shiga in buga babban, sai na tarar baƙin sun dawo da iyalansu.

Maƙwabcina mai gyaran agogo, wanda a wurinsa babu wata illa a duniya da mai ba ya warkarwa, ya ce in ɗiga man gyaɗa tsakanin fim da gilashi. Ban yarda in gwada a kan Alhaji ba. Na ɗauko nagetif ɗin Kawu, wanda na ɗauka tun ranar buɗe shago, na yi masa wanka da mai. Haƙiƙa da'irori sun ɓace. Sai dai kumfa ta maye gurbinsu, man ya tsiyaya ya sauka a idon injin, fitila kuma ta ɗumama saura har ɗakin ya gauraye da ƙamshi, yaro ya tambaya ko ya karɓo yaji. Daga nan na tuna na taɓa ganin Baba yana busa wani farin gari daga 'yar kwalba bisa gilashi, ko da yake da na tambaye shi ranƙwashi na samu maimakon jawabi. Na ari hodar matata ba da saninta ba, na barbaɗa da hannu sake. Wannan karon babu zobe ko ɗaya, amma Alhaji ya fito da fararen ɗigo tun daga hula har gindin riga, yaro ya duba ya ce wannan ai zabo ne ya sa kufta. Matata kuwa, da ta haɗa lissafin zakara da na hoda, sai da aka yi kwanaki tuwona yana zuwa ba man shanu.

Allah da ikonsa, ana cikin wannan hali sai ga wani malamin kimiyya da ke koyarwa a Birnin Kudu ya shigo ɗaukar fasfo, ya tarar da Kawu zaune ya zo jin yadda aka kwana. Idonsa ya faɗa kan tarin takardun da suka lalace, ya ɗauki ɗaya, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Ai waɗannan zobban Niyuton ne."

Kawu ya gyara zama ya ce, "Na faɗa. Shi Niyuton ɗin daga wace ƙabila yake cikinsu?"

"Allah ya gafarta malam, mutum ne, Bature, masanin lissafi a Ingila. Ya mutu tun 1727."

Kawu ya ce shi ya sa.

Malamin nan, Allah ya saka masa, bai yi gardama ba. Ya sa yaro ya cika babban farantin wanki da ruwa, ya jira ya natsu, ya ɗauki tsakuwa biyu ya sake su tare, ɗaya nan ɗaya can, ya ce mu duba inda igiyoyin ruwan suka gamu. Muka duba: wani wurin tudu ya hau tudu ruwan ya yi tsalle, wani wurin tudu ya faɗa kwari ruwan ya kwanta shiru. Ya ce haske ma haka yake tafiya, igiya-igiya, sai dai tsawon kowace igiya tasa wajen rabin kashi ɗaya cikin dubu na milimita ne. In fuskar fim mai sheƙi ta jingina da gilashi mai santsi, ba su haɗuwa ko'ina. Wani wuri sun taɓa juna, kewayensa kuwa akwai 'yar iska tsakani, siririyar da kaurinta bai wuce 'yan igiyoyin haske ba. Hasken fitila in ya iso nan sai ya rabu: wani ya wuce kai tsaye, wani ya daki fim ya koma ya daki gilashi sa'an nan ya biyo baya a makare. Inda mai makara ya iso daidai da takun ɗan'uwansa sai su ƙarfafi juna, inda ya iso a saɓe sai su raunana juna. Da yake kuma kaurin iskar yana ƙaruwa ne a hankali daga wurin da aka taɓa zuwa waje, sai ƙarfi da rauni su yi ta musanya, zobe bayan zobe. Ya ce launukan da muke gani in man mota ya zube a ruwan kwata, asalinsu ɗaya da wannan.

Ya kuma ba mu tarihin, wanda ni a ganina akwai zalunci a cikinsa. Wani Robat Huk ne ya fara bayyana waɗannan zobba a littafinsa na 1665; Niyuton ya auna su da kyau ya buga a nasa littafin na 1704, amma da yake ya tafi a kan cewa haske ƙwayoyi ne, bai kai ga tahƙiƙin sababinsu ba, sai da Tomas Yang ya zo a 1801 ya warware mas'alar da hujjar igiya. Na farko ya gani, na ƙarshe ya gane, suna kuwa ya tafi ga na tsakiya don ya fi su girman rawani. Wanda ya zauna a sabuwar hedkwata ya ga yadda ake buɗe gine-gine ba zai yi mamakin wannan ba. Da malamin ya lura fuskar Kawu ba ta sake ba, sai ya kawo masa Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna Alƙahira ya rasu wajen 1040, mai Kitabul Manaziri, wanda ya tabbatar da cewa gani yana samuwa ne da hasken da ke shiga ido, ya kuma yi gwajinsa a ɗaki mai duhu da 'yar huda a bango. Nan Kawu ya yi murmushi, ya ce ashe ilmin namu ne aka ara.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, bisa bayanin malamin, kowa ya yi daidai. Danshi ne ke sa fim ya yi laushi ya manne wa gilashi, don haka garwashin Kawu da ya busar da ɗakin shi ya kori zobban a daren nan. Kawu ya ce ya yarda wuta ce sababi, amma a tambaya wa ya ce a kawo wutar. Mai gyaran agogo ma ya yi daidai, don in ruwa ya cike gurbin iskar babu sauran zobe, manyan gidajen buga hoto suna yin haka da wani ruwa na musamman wanda ba a toya ƙosai da shi. Garin Baba ma gaskiya ne, sitaci ne mai laushin gaske da ake busa ɗan abin da ido ba ya gani, don ya tokare tsakanin fim da gilashi. Amma maganin asali, in ji shi, gilashi ne da aka ɗan kakkarta fuskarsa da sinadari ta yi wani kaushi mai laushi, wanda maƙera irin su Durst na Italiya da Leitz na Jamus ke yi don injinansu. A sama kaɗai ake sa shi, kaushin yana duban fim, domin fuskar ƙasa mai dusu-dusu ba ta cika kawo fitina ba. Da yake kuwa ba a Dutse za a same shi ba, ya karɓi reza da baƙar takardar nan da ake naɗe babban fim da ita, ya yanke taga daidai girman surar, ya ɗora ta bisa gefunan nagetif, ya rufe, gilashin sama ya zauna a kan takarda maimakon a kan fim. Ya ce in riƙa ɗumama gilasan kusa da fitila kafin aiki, in kuma adana nagetif a gwangwani mai murfi. Ya karɓi fasfonsa, ya ƙi yarda in yafe masa kuɗin.

Daren nan na buga Alhaji a fallen ƙarshe da ya rage mini, ya fito yadda Allah ya halicce shi, goshi fes. Na sa shi a firam na aika a gaya masa.

Ya iso da la'asar da 'yan rakiya cike da mota. Ya duba hoton ya ce madalla, har ya sa hannu a aljihu, sai idon wani daga cikin mutanensa ya kai bangon baya, inda yaron nan, ba da shawarar kowa ba, ya manna hoton farko da ya lalace don ya tare feshin ruwa da ke shigowa ta tsagar taga. Mutumin ya yi salati da ƙarfi ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ido bai gani ba inji ya gani! Jama'a ku zo ku ga tabon sujada, har da haske kewaye da shi!" Wani ya karɓe ya ce ai daman ya sha faɗa, masu ƙiyamul laili ba su son a san su, mutum yana raya dare mutanen unguwa suna cin namansa da rana. Alhaji ya sunkuyar da kai cikin tawali'u, ya ce shi ba ya son a yi ta yaɗa irin wannan magana. Sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, "Wancan nake so. Amma ruwa ya ɓata shi, ka buga mini sabo irinsa."

Na ce, "Yallaɓai, wannan illa ce ta gilashi, zobban Niyuton ake ce musu."

Ya ce, "In kuɗi yake so, ka ce ya faɗi."

Ya ajiye kuɗin sabuwar takarda har da na mota zuwa Kano, ya tafi. To, abin da na yi makonni ina kora, yanzu shi na koma ina roƙo. Na cire tagar takarda, na huci gilashi da bakina, na rataye jiƙaƙƙen buhu a ɗaki, na danna murfi da babban yatsa. Zobba suka amsa kira, amma kowanne inda ya ga dama: wani a kan hula, wani a tsinin hanci, wani a tumbi, wani a ƙarƙashin ido inda mai kallo zai rantse an naushi Alhaji ne a wurin taro. Goshi kaɗai suka ƙaurace wa. Ina wannan fama ruwa ya janye, iskar kaka ta fara kaɗawa, ɗaki ya bushe, suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya.

Sai na koma ga wata dabara da kowane mai wankin hoto ya sani, wadda ake yi in farar riga ta yi haske da yawa aikinta ya ɓace: a huda kwali, a riƙe shi tsakanin idon injin da takarda, a ƙara wa wurin da ake so haske shi kaɗai, ana motsa hannu a hankali don kada gefen hudar ya nuna, wurin kuwa gwargwadon hasken da ya sha gwargwadon duhunsa. Na auna goshin Alhaji na ba shi rabonsa. Tabo ya fito mai laushi, mai kwarjini, irin na wanda ya shekara arba'in a sahun farko. Alhaji ya biya har da tukuici, ya kuma aika wa matata turmin atamfa, man shanu ya dawo.

Magana ba ta kwana a Dutse. Kafin wata ya zagayo, masu neman kujera na doki da na gaggafa sun fara sallama a shagon, daga Jahun, daga Gwaram, kowa sai ya bari an rage mutane sa'an nan ya rage murya ya ce a yi masa irin na Alhaji. Yaro ya yanka kwalaye uku ya rataye a ƙusa: mai ƙaramar huda na kansila, matsakaici na ciyaman, babba na majalisar tarayya, kowanne da farashinsa. Kasuwar nan ba ta faɗi ba sai a Nuwamba 1993, da Janar Sani Abacha ya karɓi mulki ya rushe jam'iyyun.

Tana tsakiyar ci ne Kawu ya iso wata rana, ko sallamar kirki bai yi ba, ya zauna ya buɗe mini babin riya, ya ce ita ce ƙaramar shirka, ya shiga babin algus a cikin ciniki, ya ce mai yi da mai sa a yi da mai riƙe kwali duk hukuncinsu ɗaya. Yaro ya ɓoye hannunsa a baya. Ban ce komai ba, don ba ni da hujja. Da ya gama ya sha ruwa, sai ya ce in kawo masa hotonsa da na ɗauka tun bara, tunda dai ya ji an wanke shi daga man. Na kawo. Kawu yana da tabo na gaskiya, wanda buzu da tsakuwar masallacin Limawa suka yi shekaru suna ginawa, amma walƙiyar kyamara ta daki goshinsa ranar nan ta wanke shi, sai ɗan alama. Ya duba nasa, ya ɗaga kai ya duba na wani ɗan takarar kansila da ke rataye yana bushewa, ya sake duba nasa.

"Wannan yaron na san shi, na san ubansa," in ji shi. "Sallar Idi ma sai an tashe shi."

Ya ja carbi har ya zagayo, sa'an nan ya ce, "Ka saurara da kyau, don mas'alar tana da tafsili. Ƙara abin da babu algus ne, haramun ne, babu saɓani. Amma mayar da abin da fitilarka ta cinye, wannan mayar da haƙƙi ne ga mai shi, kuma wajibi ne a kanka."

Na ce, "Na ji, Kawu."

Yaro ya sauko da kwalayen nan uku ya jera su a gabansa cikin ladabi, ya ce, "Baba Malam, wanne za a sa?"

Kawu ya kau da kai wajen ƙofa, ya miƙa bakin carbi ya taɓa na majalisar tarayya, ya ce kuma kada a kuskura a sake sa masa man gyaɗa.